Wa ke da ikon yafe jini? Muhawarar sakin masu kisan kai bayan taƙaddamar Maryam Sanda

A ranar 9 ga Oktoba, 2025, Majalisar Magabata ta Ƙasa ta zauna a Fadar Shugaban Ƙasa da ke Abuja, ta amince da jerin mutum 175 da Shugaba Bola Tinubu ya yi niyyar yi wa afuwa ko sassauci. A cikinsu akwai mamatan da tarihi ya daɗe da yanke nasa hukuncin a kansu: Herbert Macaulay, da Manjo-Janar Mamman Vatsa, da Ken Saro-Wiwa tare da abokan gwagwarmayarsa takwas na Ogoni. Da a nan jerin ya tsaya, da wataƙila maganar ba ta kwana biyu a bakin jama'a ba. Sai dai da aka fitar da cikakkun sunayen, ido ya faɗa kan guda ɗaya da mazauna Abuja ba su manta ba, wato Maryam Sanda.

A ranar 27 ga Janairu, 2020 ne Mai Shari'a Yusuf Halilu na Babbar Kotun Birnin Tarayya ya yanke mata hukuncin kisa ta hanyar rataya, bayan ya same ta da laifin kashe mijinta, Bilyaminu Bello, a gidansu da ke Abuja cikin watan Nuwamba na 2017. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin a ƙarshen wannan shekara ta 2020. Bayanin da Fadar Shugaban Ƙasa ta bayar shi ne cewa ta shafe shekara shida da wata takwas a gidan gyaran hali na Suleja, ta nuna nadama da kyakkyawar ɗa'a, kuma danginta sun roƙa mata saki saboda 'ya'yanta biyu.

Ƙorafi ya taso ta kowace kusurwa, daga lauyoyi da 'yan adawa har zuwa masu hira a motar haya tsakanin Nyanya da Sakatariyar Tarayya. Ranar 29 ga Oktoba aka fitar da sabon jeri. An cire waɗanda aka samu da laifuffuka irin su garkuwa da mutane da safarar miyagun ƙwayoyi, ita kuma Maryam aka mayar da hukuncinta ɗaurin shekara 12. A watan Disamba sai Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai huɗu a kan ɗaya, ta yi watsi da ƙarar da ta ɗaukaka, ta tabbatar da hukuncin kisa, ta kuma nuna cewa ba daidai ba ne ɓangaren zartarwa ya yi amfani da ikon afuwa a kan shari'ar kisan kai alhali ƙara tana gaban kotu.

Cikin wata uku kacal, an ba mace ɗaya makoma uku: saki, ɗaurin shekara 12, da igiya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa matsalar ta wuce Maryam Sanda. Tambayar da ke ƙarƙashin hayaniyar tsohuwa ce: shin akwai ranar da ya dace a buɗe wa wanda ya kashe rai ƙofa? Idan akwai, wa ke riƙe da mabuɗin?

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Yawancin gardamar da aka tafka a watan Oktoba ta cakuɗa abubuwa uku da doka ta bambanta. Afuwa ita ce a yafe laifin, mutum ya fita ba tare da sauran bashi a wuyansa ba. Sassauci shi ne a rage nauyin hukunci, kamar a mayar da kisa ɗaurin rai da rai. Dukansu biyu Sashe na 175 na Tsarin Mulkin 1999 ya damƙa su a hannun shugaban ƙasa, bayan ya tuntuɓi Majalisar Magabata, a kan laifuffukan da dokar Majalisar Tarayya ta tanada. Sashe na 212 ya ba gwamnoni irin wannan iko a kan dokokin jihohinsu.

Na ukun shi ne sakin talala, wato saki bisa sharaɗi, kuma shi ne aka fi jahilta. Makiyayi ya san talala: dabba tana kiwo, tana zagayawa, amma doguwar igiya na ƙafarta, kuma turken yana nan. Wanda aka yi wa sakin talala ba a yafe masa komai ba. Hukuncinsa yana nan daram, sai dai ya ƙarasa sauran wa'adinsa a waje ƙarƙashin sa ido, kuma idan ya karya sharaɗi a mayar da shi inda ya fito.

Mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan gwamnati da takardun irin wannan ke ratsa teburinsu, ba su san cewa dokar Nijeriya ta tanadi hakan ba. Sashe na 468 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 ya ce idan shugaban hukumar gidajen yari ya kai wa kotu rahoto cewa fursuna yana da kyakkyawar ɗa'a, kuma ya cinye aƙalla kashi ɗaya cikin uku na wa'adinsa, a hukuncin da ya kai shekara 15 ko na rai da rai, kotu na iya dakatar da sauran wa'adin. Amma sai ta saurari mai gabatar da ƙara, ta saurari fursunan ko lauyansa. Dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu, ta ƙara da kafa ɓangaren hukunci ba tare da tsarewa ba, wanda aikinsa ya haɗa da kula da waɗanda aka saka bisa sharaɗi.

Bambancin a fili yake. Afuwa ana yin ta ne a ɗaki rufe, ba a tilasta wa mai yin ta ya bayyana hujja, ba kuma a janye ta idan wanda aka yi wa ya koma ruwa. Sakin talala kuwa a gaban alƙali ake yin sa, da masu ja da masu turawa, kuma akwai hanyar dawowa.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Sashe na 221 na kundin Penal Code, wanda ake aiki da shi a Arewa da Birnin Tarayya, da Sashe na 319 na kundin Criminal Code na Kudu, ba su bar wa alƙali zaɓi ba. Da zarar an tabbatar da kisan ganganci, hukuncin kisa ne. Wanda ya yi wata guda yana kitsa yadda zai hallaka abokin kasuwancinsa, da wanda ya soki ɗan'uwansa cikin rigimar da ta ƙwace masa hankali amma kotu ba ta karɓi uzurinsa ba, duk ma'auni ɗaya ake yi musu. Kuma wanda aka yanke wa kisa ba shi da wa'adin da za a raba uku. Ke nan kafin mai kisan kai ya isa ƙofar sakin talala, sai ya fara ratsa ƙofar sassauci, wadda mafi yawan lokuta 'yan siyasa ke gadinta.

Akwai wani lissafi mai ban mamaki a nan. Kundin Penal Code yana ɗaukar ɗaurin rai da rai a matsayin shekara 20 idan ana lissafin kaso. Kashi ɗaya cikin uku na shekara 20 kuwa shi ne shekara shida da wata takwas, daidai adadin da aka ce Maryam ta yi a Suleja. Idan da wannan ma'auni za a bi, mutumin da ya kashe rai, aka sassauta masa zuwa rai da rai, zai iya neman fita kafin jaririn da ya mayar maraya ya gama aji biyu na firamare. Ko mai goyon bayan sakin talala dole ya yarda cewa wannan wa'adi ya yi kaɗan ga jini.

Hujjar masu cewa a'a

Masu adawa da sakin mai kisa ba mutane ne marasa tausayi ba, kuma hujjarsu ba ta fushi kaɗai ba ce. Suna cewa kowane laifi ana iya biyan wani abu a madadinsa, ban da wannan. Wanda aka sace wa kuɗi ana iya mayar masa. Wanda aka kashe ba ya zuwa zaman kwamiti ya faɗi ra'ayinsa, kuma nadamar da mai laifi ya yi, komai gaskiyarta, ba ta isa kabari. Suna kuma tambaya: idan 'ya'ya hujja ce ta saki, ina matsayin dubban fursunonin da su ma suka bar 'ya'ya a gida?

A Kano, misali, ba a buƙatar dogon bayani. An sace Hanifa Abubakar, yarinya 'yar shekara biyar, aka kashe ta, kuma a watan Yuli na 2022 Babbar Kotun jihar ta yanke wa mai makarantar da take karatu, Abdulmalik Tanko, hukuncin kisa. Duk tsarin da zai ba irin wannan mai laifi damar fita bayan 'yan shekaru, to ba zai samu karɓuwa ba a kowace unguwa ta ƙasar nan, kuma bai kamata ya samu ba.

Hujja mafi ƙarfi dai ita ce ta rashin yarda. Jama'a sun ga an yi wa tsohon Gwamnan Bayelsa Diepreye Alamieyeseigha afuwa a 2013. Sun ga an yi wa Joshua Dariye da Jolly Nyame a 2022, bayan shekarun da aka ɓata ana shari'arsu har Kotun Ƙoli. Darasin da talaka ya ɗauka shi ne mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Idan aka ce masa za a ƙara wata ƙofar fita, abin da ke faɗo masa a rai shi ne wa zai riga shiga ta.

Mai jini

Shari'ar Musulunci, wadda jihohin Arewa 12 suka faɗaɗa aiki da ita tun daga Zamfara a 2000, ta ɗauki hanya dabam tun daga tushe. A kisan ganganci, haƙƙin na magadan mamaci ne. Su ke da zaɓin ƙisasi, ko karɓar diyya, ko yafewa. Sarki ko gwamna ba shi da ikon yafe jinin da ba nasa ba. Duk da haka, a mazhabar Malikiyya yafewar dangi ba ta wanke mai laifi sarai: ana yi masa bulala 100 da ɗaurin shekara guda, domin al'umma ma tana da nata haƙƙin. Sannan malaman mazhabar sun ware kisan gilla, wanda aka yi ta hanyar yaudara da cin amana, suka ce wannan babu yafewa a cikinsa ko da magada sun so.

Abin lura shi ne tsarin ya amsa tambayoyi biyu da kundin Penal Code ya bari a buɗe. Ya bambanta kisa da kisa, ya kuma faɗi wanda za a tambaya. A ƙarƙashin Sashe na 175 kuwa, Tsarin Mulki bai wajabta a tuntuɓi dangin mamaci ba ko da da wasiƙa ɗaya.

Sai dai shari'ar Maryam ta nuna cewa ko tuntuɓar dangi ba ta da sauƙi. Dangin da suka reni Bilyaminu sun fitar da sanarwa suna cewa afuwar ta fama musu tsohon miki. Bayan haka mahaifinsa ya bayyana gaban manema labarai a Abuja, tare da mahaifin Maryam, ya ce shi ya yafe, kuma ya daɗe yana neman a sake ta don jikokinsa. Gida ɗaya, murya biyu. Ga kuma yara biyu waɗanda su ne 'ya'yan mamaci, su ne kuma 'ya'yan wadda aka hukunta. Babu wani sashe na doka da aka rubuta da su a zuciya.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A Ingila, tun da aka daina hukuncin kisa kan kisan kai a 1965, duk wanda aka samu da laifin ɗaurin rai da rai ake yi masa. Amma alƙalin da ya saurari shari'ar shi ke faɗin mafi ƙarancin shekarun da zai yi, gwargwadon munin abin da ya aikata, kuma a mafi munin laifuffuka yana iya cewa ba zai taɓa fita ba. Idan wa'adin ya cika, wata hukuma mai zaman kanta ke duba ko sakinsa haɗari ne ga jama'a. Wanda aka saka yana ƙarƙashin sharaɗi har ƙarshen ransa. Colin Pitchfork, wanda ya kashe 'yan mata biyu a 1983 da 1986, an sake shi a watan Satumba na 2021, bayan wata biyu aka mayar da shi kurkuku saboda take-takensa. Masu suka sun ce wannan shaida ce cewa tun farko bai kamata a sake shi ba. Masu kare tsarin sun ce shaida ce cewa igiyar tana aiki. A 2020 kuma aka yi dokar da ta wajabta wa hukumar ta yi la'akari da ko mai kisa ya ƙi faɗin inda ya ɓoye gawa, bayan gwagwarmayar shekaru da mahaifiyar Helen McCourt ta yi, wadda aka kashe 'yarta a 1988 ba a ga gawarta ba.

Misalin Afirka ta Kudu ya fi kusa, ya kuma fi ɗaci. Janusz Walus ya harbe Chris Hani a watan Afrilu na 1993, kisan da ya kusa jefa ƙasar cikin yaƙin basasa ana dab da zaɓen farko na kowa da kowa. An yanke masa kisa, aka mayar da shi rai da rai bayan an soke hukuncin kisa a ƙasar. Ministoci sun yi ta ƙin sakinsa, matar Hani ta yi ta adawa, amma a watan Nuwamba na 2022 Kotun Tsarin Mulki ta ba da umarnin a sake shi bisa sharaɗi, bayan kusan shekara 30 a tsare. Jam'iyya mai mulki ba ta so ba. An dai bi umarnin, kuma a Disamba na 2024 aka tasa ƙeyarsa zuwa Poland. Ana iya ƙin hukuncin, amma kowa ya karanta dalilansa, ya kuma san wanda ya sa hannu.

Waɗanda ba a jin sunansu

Yayin da ake cacar baki kan mace ɗaya, akwai mutum fiye da 3,000 a gidajen gyaran halin Nijeriya da ke jiran igiya. Rabon da a zartar da hukuncin kisa a ƙasar nan tun Disamba na 2016, lokacin da aka rataye mutum uku a Benin. Kafin nan, an rataye huɗu a jihar ta Edo a 2013. Gwamnoni ba sa son sa hannu a takardar kisa, ba kuma sa son a ce sun saki masu kisa, don haka sai su bar fayil ɗin a aljihun tebur su gama wa'adinsu. Kotuna kuwa ba su daina yankewa ba, tunda doka ba ta ba su zaɓi ba.

Sakamakon shi ne wani hukunci da babu majalisar da ta zartar, babu alƙalin da ya furta: zaman jiran mutuwa na shekara 15 ko 20, a gidajen da dama cunkushe suke, inda kusan kashi biyu cikin uku na mazauna ba a ma yanke musu hukunci ba. Dangin mamaci ba su ga ƙisasi ba, mai laifi bai san ranarsa ba, gandiroba kuma an bar shi da gadin mutumin da ba shi da abin da zai rasa. Dokar 2019 ta yi ƙoƙarin buɗe wata kafa a Sashe na 12, inda ta ce idan wanda aka yanke wa kisa ya gama duk matakan ɗaukaka ƙara, aka yi shekara 10 ba a zartar ba, babban alƙali na iya mayar da hukuncin rai da rai. Amma sharaɗin gama ɗaukaka ƙara shi kansa shinge ne ga wanda ba shi da kuɗin lauya.

Kuma kotu na kuskure, gwamnati ma haka. A 1986 Kotun Ƙoli ta yanke cewa gwamnatin Jihar Oyo ta saɓa doka da ta kashe Nasiru Bello alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu. Ƙa'idar da ta hana a rataye mutum kafin kotu ta gama da shi, ita ce dai Kotun Ƙoli ta juyo da ita a Disamban 2025 ta ce ba a kuma gaggawar yafe masa.

Idan aka auna duka, amsar da ta fi tsayawa da ƙafarta ita ce e, amma ba ga kowa ba, ba kuma ta hanyar da aka saba ba. Ƙasar da ta daina rataya a aikace ba za ta ci gaba da yin kamar tana yi ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a ba alƙali ikon bambanta kisa da kisa tun ranar hukunci, kamar yadda Kotun Ƙolin Kenya ta buɗe hanya a 2017 da ta soke tilascin hukuncin kisa kan kisan kai. A ware laifuffukan da babu fita a cikinsu, irin kisan yara da kisan garkuwa da na ta'addanci. A sauran, a ɗaga mafi ƙarancin wa'adi ya wuce kashi ɗaya cikin uku nesa ba kusa ba, a yi zaman a bainar jama'a, a rubuta dalili.

Sai kuma ɓangaren da ba ya jan hankalin kowa, wanda kuma shi ne zai tabbatar ko ya rusa komai: kuɗi da ma'aikata. Talala ba ta da amfani idan babu turke. Sa ido kan wanda aka saka na buƙatar jami'in da zai je gidansa, da adireshin da za a iya samu, da rajistar da 'yan sandan Lakwaja za su gani idan mutumin Suleja ya ɓulla a can. Gyaran Tsarin Mulki na 2023 ya ba jihohi damar kafa nasu gidajen gyaran hali, wanda ke nufin nauyin ba na Abuja kaɗai ba ne yanzu, amma yana kuma nufin a samu tsari 37 da ba sa magana da juna idan ba a yi hattara ba.

A sanarwar 29 ga Oktoba, Shugaba Tinubu ya ɗauke sakatariyar kwamitin ba da shawara kan afuwa daga Ma'aikatar Ayyuka na Musamman zuwa Ma'aikatar Shari'a, ya kuma umarci Babban Lauyan Tarayya, Lateef Fagbemi, ya fitar da ƙa'idojin amfani da wannan iko, ciki har da wajabta tuntuɓar hukumomin da suka gabatar da ƙara. Hakan na nufin 'yan sanda da sauran hukumomi sun samu kujera a teburin. Jami'in da zai tanadi kujerar dangin mamaci kuwa sai ya fara warware abin da shari'ar Bilyaminu ta bari a buɗe: idan wanda ya haifa ya ce ya yafe, waɗanda suka rena suka ce ba su yafe ba, 'ya'yan mamacin kuma ba su kai shekarun magana ba, sunan wa za a rubuta a layin da aka ware wa mai jini?